Daga Fijo Zuwa Toyota: Shekaru Hamsin Na Muhawarar Ƙarkon Mota

A watan Maris na 1975, Janar Yakubu Gowon ya je unguwar Kakuri da ke kudancin Kaduna ya buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot. Kakuri ta riga ta saba da jiniyar ma'aikata, domin masaƙar KTL tana nan tun 1957, ga UNTL, ga Arewa Textiles. Amma wannan baƙuwa daban take. Motar da ta fi yin suna daga cikinta, Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, ita ce ta zama mudun da mutanenmu suka yi shekaru kusan talatin suna auna kowace mota da shi. A wancan zamani, idan dillali ya cika baki cewa motarsa tana da ƙarko, abin da mai saye zai tambaya shi ne ko ta kai Fijo.

Yau an daina wannan tambaya. Ka shiga tashar Kawo a Kaduna ko Unguwa Uku a Kano, ka zauna da direbobi da kanikawa, sunan da zai fi yawo a bakinsu shi ne Toyota. Yadda aka yi sarauta ta tashi daga wannan gida ta koma wancan labari ne da ya haɗa ƙarfe da hanya, darajar naira da manufofin gwamnati, da kuma ilimin da ke hannun bakaniken bakin titi. Wanda ya bi labarin a tsanake zai ga abu guda: a wajen mai mota na ƙasar nan, ƙarko yana farawa ne daga masana'anta, amma a gareji da kasuwar kayan gyara yake tabbata.

Zaki daga Faransa

Iyalan Peugeot ba da mota suka fara ba. A 1810 suka mayar da injin niƙan hatsi na gidansu, a gabashin Faransa, ya zama maƙerar ƙarfe. Sun yi zarto, sun yi injin niƙa kofi, daga baya suka shiga ƙera keke. Tambarin zaki, wanda suka yi wa rajista a 1858, an ɗora shi ne tun farko a kan zarto don nuna kaifin haƙora da ƙarfin ƙarfe. Sai a ƙarshen shekarun 1880 Armand Peugeot ya ja gidan zuwa harkar mota, garin Sochaux kuma ya zama cibiyarsu.

Motocinsu sun fara shigowa Nijeriya sosai a ƙarshen shekarun 1950, da samfurin 403. Daga nan 404 ta biyo baya a 1960, ita ce kuma ta kafa sunan gidan a karkara. Kamfanin SCOA yana harhaɗa a-kori-kurarta a Legas, kuma wannan a-kori-kura ta ci kasuwannin ƙauye: buhunan gyaɗa da dawa a ƙasa, awaki a gefe, fasinja a kan kaya, yaron mota a maƙale a baya. Hanyoyin lokacin yawancinsu burji ne, da rani gargada, da damina laka. Motar da ta yi shekara biyar tana wannan aiki ba ta bukatar talla a jarida.

Labarin da ke zuwa daga gabashin Afirka ma ya ƙara mata kwarjini. A tseren Safari, wanda ake yi a dazuzzuka da tsaunukan Kenya, Uganda da Tanzaniya, motoci 84 ne suka tashi a 1963, bakwai kacal suka kai ƙarshe, kuma wadda ta zo ta ɗaya 404 ce. Ta sake lashe tseren a 1966, 1967 da 1968. Ƙanwarta 504 ta ci shi a 1975, shekarar da aka buɗe Kakuri.

Abin da ke cikin 504

An fito da 504 a Faris a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta. Sai dai abin da ya sa ta zauna daram a Afirka yana ƙarƙashinta ne. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ba ta cika gogar dutse ba. Sufirin ɗinta da shokozobanta suna da dogon wasa, don haka takan haɗiye rami maimakon ta buga shi. Da ƙafafun baya take ja, kuma sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta. Mai dogon baya, wadda ake kira wagon, an ba ta sufirin biyu-biyu a kowace ƙafar baya saboda kaya.

Injinta mai silinda huɗu ne, na kafireto, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Kuma an yi shi ne da hannun riga, wato silindar da ake zarewa a sa wata. Wannan shi ne sirrin tsawon ranta. A gareji irin na Panteka a Kaduna, idan inji ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, sai a kafa itace uku a rataya sarƙa a sauke shi a kan tsohuwar taya. Yara su wanke sassan da fetur a cikin rabin jarka, su jera su a kan kwali. Oga ya zo ya zura yatsa cikin silinda ya ji inda ta ci, ya aika a sayo sabon hannun riga da fistin da zobba da gasket. Kafin magariba ta gobe an ɗaura inji, an daidaita kafireto da kunne, ba da na'ura ba. Mai mota ya biya, ya tafi da injin da zai sake yi masa shekaru. Mota guda takan sha wannan aiki sau da dama a rayuwarta.

Ba a ce ba ta da aibu ba. Masu ita sun san tsatsa tana cin ƙasanta da gindin ƙofofinta. Sun san idan aka yi sakaci da lagireto inji zai ɗau zafi ya ƙona gasket. Sun san tana shan mai. Amma duk cutar da take da ita sananniya ce, maganinta kuma yana kusa. Direban da fanbel ya tsinke masa tsakanin Potiskum da Damaturu ya san a gari na gaba akwai mai sayar da shi, akwai kuma wanda zai ɗaura.

Kayan mota ta jirgin sama

An yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a watan Disamba na 1972, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Nijeriya da kamfanin na Faransa. A daidai lokacin aka ba Volkswagen wuri a Ojo ta Legas. Daga baya aka kafa na manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, da ANAMMCO mai harhaɗa Mercedes a Inugu. Kuɗin man fetur yana shigowa, ƙasa tana da burin ta ƙera abin hawanta.

Shekarar da PAN ta fara aiki ita ce shekarar da tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da ɗaruruwan jiragen siminti, wasu suka yi watanni suna jiran sauke kaya. Maganin da aka samo ya ba duniya mamaki: kamfanin jiragen sama na UTA ya riƙa ɗauko sassan mota daga birnin Lyon yana saukewa a filin jirgin sama na Kano, daga nan a ɗora su a manyan motoci zuwa Kaduna. An yi shekaru ana wannan jigila.

Masu saye kuwa suna nan a shirye. A farkon 1975 aka biya ƙarin albashin Udoji tare da ariyas na watanni, ga bashin mota da ake ba ma'aikata. Malamin makaranta mai digiri, ko ƙaramin jami'i a sakatariya, yana iya fitar da sabuwar mota a leda. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, ta sa manyan jami'ai su sauka daga Marsandi su hau Fijo, har da shi kansa shugaban ƙasa. Daga nan 504 ta zama motar gwamna da kwamishina, motar 'yan sanda da asibiti, motar alƙali da hakimi.

Wannan ya haifar da wani zagaye mai amfani. Gwamnati ta saya da yawa, ta yi gwanjon tsofaffi, 'yan kasuwa su saya su sa a tasha. Wagon mai ɗaukar fasinja bakwai, ɗaya a gaba, uku a tsakiya, uku a baya, ita ce ta riƙe hanyar Kano zuwa Maiduguri, Kaduna zuwa Sakkwato, Jos zuwa Yola. A ƙetaren iyaka ma haka take, daga Maraɗi zuwa Damagaram, har can Senegal inda ta zama motar haya tsakanin garuruwa. Yawanta ya jawo 'yan kasuwar kayan gyara, yawan kayan gyara ya jawo masu koyon aikinta, waɗanda suka samu horo a Kakuri kuma wasunsu suka fita suka buɗe garejinsu suka yaye ɗaruruwan yara. Tayar Michelin daga Fatakwal take zuwa, ta Dunlop daga Legas, batirin Exide daga Ibadan. Lokacin da Faransa ta daina ƙera ainihin 504 a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

Sauran masu neman sarauta

Fijo ba ita kaɗai ba ce a fage. Attajirai sun fi son Marsandi, musamman samfurin da ya fito a 1976 da kuma wanda ake kira V-boot da ya biyo bayansa. Ra'ayin masu ita bai canja ba har yau: ba ta saurin lalacewa, amma ranar da ta lalace aljihu zai ji a jikinsa. Volkswagen Beetle, mai inji a baya wanda iska ke sanyaya shi, ta samu karɓuwa wajen ƙananan ma'aikata saboda ba ta da lagireto balle ta tafasa, sai dai ba ta da wurin kaya, ba ta kuma dace da babban iyali ba. Land Rover ita ce ta jami'an gona, likitocin dabbobi da masu rangadi, ana yaba ta a laka da yashi, ana kuka da yawan ɗigar mai da neman gyara.

Motocin Japan kuwa, Datsun da Toyota da Mazda, da farko kallon raini aka yi musu. Ana cewa gwangwani ne, bodinsu ba kauri, ba za su jure hanya ba. Amma masu tasi a cikin gari sun lura da wani abu tun a shekarun 1970: waɗannan motoci da safe bugu ɗaya suke tashi, ba sa shan mai sosai, kuma sukan yi watanni ba su ga bakanike ba in ban da juyen baƙin mai. Maganar ta fara yawo a hankali.

Shekarar da miya ta ƙare

Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A 1980 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, wajen kwabo 55 take. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, kuɗin waje ya yi ƙaranci, sannan a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP. A watan Satumba na shekarar aka buɗe kasuwar musayar kuɗi, dala ta haura naira huɗu. Zuwa 1993 ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuma ta wuce haka nesa.

Masana'antun harhaɗa mota sun dogara ne da sassan da ake sayowa da kuɗin waje, don haka farashin sabuwar mota ya tashi ya bar albashi a ƙasa. Ma'aikacin da ya fitar da sabuwar Fijo a 1978 ya wayi gari ba ya iya sayen ko rabinta. Masana'antar Volkswagen ta durƙushe, na manyan motoci suka shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai. PAN ta rayu ne galibi da cinikin gwamnati.

Giɓin da aka bari, tsofaffin motocin Turai ne suka cike shi, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. Ana lodinsu daga tashoshin ruwa irin su Antwerp, da yawa a sauke su a Kwatano, a biyo da su ta Gaya, Birnin Ƙonni da Maraɗi, su shigo Arewa. Kalmar 'yar Kwatano ta shiga bakin kowa. Wannan ciniki ya ci gaba har bayan da gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin kan tudu daga ranar 1 ga Janairun 2017.

Tokumbo ta canja tambayar da mai saye ke yi. A da yana tambayar wace sabuwar mota ce za ta daɗe. Yanzu yana tambayar wace mota ce, bayan ta yi shekara goma ko sha biyar a hannun wani, har yanzu da sauran rai a jikinta. A wannan jarrabawa ce motocin Japan suka yi zarra.

Dalilin Toyota

Kiichiro Toyoda ya kafa kamfanin Toyota a 1937, daga cikin kamfanin mahaifinsa mai ƙera injinan saƙa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ba ta da kuɗin ɓarna, don haka injiniya Taiichi Ohno da abokan aikinsa suka gina tsarin aiki da ya ƙi jinin asara. A masana'antarsu akwai igiya a saman layin harhaɗawa, kowane ma'aikaci yana da ikon ja idan ya ga kuskure, a tsaya a gyara a kuma binciko asalinsa kafin motar ta wuce. Kamfanin ya kuma yi suna da rashin gaggawar canja abin da ke aiki: inji guda yakan yi shekaru ana sa shi a motoci daban-daban. Ga ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, wannan na nufin kaya ɗaya zai shiga motoci da yawa, ba zai kwana a shago ba.

Land Cruiser ta samo asali a 1951, Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Zuwa 2021 an sayar da Corolla sama da miliyan 50 a duniya. Amma abin da ya fi ɗaga sunan gidan a yankinmu a Chadi ya faru. A 1987 sojojin Hissène Habré, ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous, suka fuskanci tankokin Libiya da a-kori-kurar Toyota wajen 400 da Faransa ta ba su, an ɗora musu makaman fasa tanka. Sun ci garin Fada a watan Janairu, suka ƙwace sansanin Wadi Doum a watan Maris. Har yau ana kiran wannan yaƙi da sunan Yaƙin Toyota. Yaƙi ba abin alfahari ba ne, an yi asarar rayuka da dama, amma duk direban da ke bin Sahara ya ɗauki darasi. Shi ya sa hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma ta zama ta Hilux da Land Cruiser.

A kan kwalta kuma Hiace ta karɓe aikin wagon. Tana ɗaukar fasinja ninki biyu a tafiya guda, kuma kamfanonin sufuri na jihohi, irin su Kano Line, Borno Express da Yankari Express, suka koma kanta. Corolla da Camry suka zama motocin gida. Sannan wani ma'auni ya shigo, wanda masu mota ke ɗauka da muhimmanci ƙwarai: kuɗin da mota za ta yi ranar da aka tashi sayar da ita. A ƙasar da naira ke zubewa, mutane da yawa suna sayen Toyota ne a matsayin ajiya, domin sun san ko da tsakar dare bukata ta taso za a samu mai saye.

Inda ra'ayi ya rabu

Duk da haka bakin masu mota bai taɓa zama ɗaya ba. A Kano da Kaduna da Katsina, Honda Accord ta samu masoya masu yawa, har kowane samfuri da laƙabinsa: Hala, Bulldog, Baby Boy, End of Discussion. Masoyanta suna yaba injinta da lafiyar tafiyarta da kyan cikinta. Masu sukarta kuma suna nuna ƙafar gaba, wadda idan aka bar ƙwallon da ke riƙe ta ya ci ba a canja ba, takan iya zamewa a kan hanya. Masoyan su amsa cewa laifin na mai sakaci ne da mai sayar da jabun kaya.

Volkswagen, da ta rasa masana'antarta a Legas, ta dawo ta ƙofar tokumbo. Golf 3, wadda aka ƙera daga 1991, ta zama motar haya a hanyoyin Katsina, Zamfara, Jigawa da Yobe, saboda gudu, jure lodi da arahar kayanta. Sharan, da ake kira Sharon a tasha, ta gaji kujerun wagon. Fijo J5 kuwa ta riƙe jigilar tumatir, albasa da tattasai zuwa kudu, ana yi mata lodi har saman rufi.

Fijo 406, wadda Kakuri ta harhaɗa bayan 504 da 505, ita ce ta fi raba kan jama'a. Waɗanda suka samu bakaniken da ya san ta suna rantsuwa babu motar da ta kai ta kwanciya a doguwar tafiya. Waɗanda ba su samu ba suna cewa wayarinta ba ta da amana. Gaskiyar tana tsakani. Motar ta zo da kwamfutar inji da na'urorin da ke bukatar a karanta su da na'ura, ta faɗa hannun masu aikin da aka yaye a kan kafireto. Wani ya yanke waya ya haɗa kai tsaye, wani ya cire abin da ke daidaita zafin inji ya jefar, wani ya zuba ruwan rijiya a lagireto. Motar ta lalace, sunan gidan ya ɓaci. Waɗannan ɗabi'u suna cutar da kowace mota ta zamani, sai dai wasu sun fi wasu haƙuri da su, kuma mai haƙurin ita jama'a ke kira mai ƙarko.

Ma'auni biyu

A ƙasashen da ake ƙera motocin ma ana wannan muhawara, amma da alƙaluma. Kamfanin J.D. Power na Amurka, wanda aka kafa a 1968, yana tambayar masu motocin da suka shekara uku, ya fitar da adadin matsaloli a kowace mota ɗari. Mujallar Consumer Reports tana tattara bayanan masu karatunta duk shekara. A Jamus, hukumar TÜV tana wallafa sakamakon gwajin lafiyar mota, ƙungiyar ADAC kuma tana lissafa motocin da suka mutu a hanya aka kira ta. Toyota da Lexus sun daɗe suna cikin na gaba-gaba a rahotannin Amurka, abin da ya yi daidai da hukuncin tasha.

Sai dai su galibi suna auna mota ne a ƙuruciyarta, a kan hanya mai kyau, da mai tsabtatacce. Namu ma'aunin ya fi tsanani. Motar da ta iso nan wataƙila gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya riga ya ci ƙasanta. Wataƙila ambaliya ta taɓa shanye ta, ko ta yi haɗari aka yi gwanjonta, ko an mayar da agogon tafiyarta baya. Sannan ta haɗu da ƙurar hunturu, zafin Afrilu, lodin da ya wuce ƙima, jabun baƙin mai, wani lokaci har da gurɓataccen fetur irin wanda ya shigo ƙasar a farkon 2022 ya lalata injina da dama.

Shi ya sa mai hankali ba ya zuwa wajen dillali shi kaɗai. Yana tafiya da bakanikensa, ya ce masa, "Oga, duba mini ita tsakani da Allah." Oga ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa, ya sa a taka totur ya tsaya a bayan salansa yana kallon launin hayaƙi, ya ɗaga kafet ya shinshina ko akwai warin ruwa, ya bi bakin ƙofofi da yatsa yana neman inda aka yi fenti. Idan na zamani ne ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari. Daga nan sai ya ja mai saye gefe ya ce, "Alhaji, injin lafiya lau, amma kayanta sai an aika Legas. Ka ƙara kuɗi ka ɗauki waccan." Wannan shawara ta gefe, da ake bayarwa sau dubbai kowace rana, ita ce ta ɗaga wasu kamfanoni ta kuma kwantar da wasu.

Abin da aka rasa, da abin da ya rage

Tsarin mayar da alawus ɗin ma'aikata kuɗi, wanda aka fara a 2003, ya rage sayen motocin gwamnati, kuma hukumomi da dama suka juya ga Toyota. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta na PAN ga kamfanin ASD Motors. Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi baya. A 2012 hukumar AMCON ta karɓi PAN saboda bashi. An fito da sabuwar manufar masana'antar mota a 2013, kamfanin Innoson na harhaɗa nasa motocin a Nnewi, kuma a 2022 kamfanin haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya fara fitar da motoci a sabuwar masana'anta a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Duk da haka, mafi yawan motocin da ke kan titunanmu tsofaffi ne da wasu suka gama mora.

Abin baƙin cikin ya wuce rashin wata mota guda. A zamanin 504 muna da sarƙa cikakkiya: masana'anta, masu yin taya da batir, makarantar horo, 'yan kasuwa da kanikawan da suka san motar ciki da waje. Yau muna cin ƙarkon da wasu suka gina, muna biya da dala. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, shan mai ya zama tambaya ta farko, ana maganar mayar da motoci su yi aiki da gas, motocin Sin da masu amfani da lantarki kuma sun fara shigowa. Duk za su zauna jarrabawar da Fijo da Toyota suka zauna, kuma alƙalan ba su canja ba: direba, bakanike da mai sayar da kayan gyara.

Saboda haka duk gwamnatin da ke son ta ga mota ta daɗe a hannun talaka, da duk kamfanin da ke son sunansa ya zauna a ƙasar nan, ga inda aikin yake. A koya wa yaran gareji karatun na'ura da aikin wayarin zamani, a kwalejojin fasaha da kuma a garejin da suke. A sa ido a kan jabun kayan gyara da jabun baƙin mai, domin suna kashe inji, suna kashe mutane. A taimaki masu ƙera ƙananan sassa a Panteka da Nnewi su kai matsayin da masana'anta za ta saya a hannunsu. Mun taɓa yin wannan aiki a cikin shekaru goma, da mutanen da yawancinsu ba su wuce firamare ba, kuma jikokinsu da ke gareji a yau ba su fi su ƙarancin basira ba.